Tsohuwar Tashar Garfield ta Birnin Shikago: Tarihinta da Yadda Aka Farfaɗo da Ita

Gabatarwa

A wannan maƙala zan yi bayani ne a kan wata ƙaramar tashar jirgin ƙasa da ke unguwar Washington Park, a kudancin birnin Shikago na ƙasar Amurka. Na zaɓe ta ne saboda tambayar da ke damun duk mai aikin adana kayan tarihi: idan gini ya daina aikin da aka yi shi dominsa, rushe shi za a yi ko kuwa a sama masa wani aiki?

Asalin Tashar

An buɗe tashar a watan Oktoba na shekarar 1892, lokacin da ake miƙa layin dogo zuwa Jackson Park domin babban baje kolin duniya na 1893. Layin ba a ƙasa aka shimfiɗa shi ba, a kan gadar ƙarfe yake, jirgi na wucewa ta sama, jama'a na harkokinsu a ƙarƙashi. Myron H. Church ne ya zana ginin, aka yi shi da jan bulo a ƙarƙashin gadar. Da farko jiragen da kwal suke aiki, kafin a koma lantarki a 1898.

Lalacewa

Unguwar ta cika da baƙaƙen fata da suka yi ƙaura daga kudancin Amurka, har mazaunanta suka haura 56,000 a 1950. Daga nan sai ta riƙa zubewa, ta yadda a 2010 ba su kai 12,000 ba. An rufe layin gaba ɗaya daga 1994 zuwa 1996 domin gyara. A 2001 aka buɗe sabuwar tasha a tsallaken titi, fasinjoji suka koma can. A wannan shekarar ce kuma hukumar birnin ta sanya tsohon ginin cikin wuraren tarihi da doka ta kare. Dokar ta hana a rushe shi, amma shekara da shekaru yana kulle.

Farfaɗowa

A 2016 gwamnatin tarayya ta ba da dala miliyan 25 domin aikin gyaran tashar da kewayenta, aka kammala a 2019. An mayar wa tsohon ginin kamanninsa na asali, sannan shirin fasaha na Jami'ar Shikago ya mai da shi shagon da ƙananan 'yan kasuwar yankin ke baje hajarsu.

Kammalawa

A nawa ganin, takardar doka ta tsare ginin daga rusau, amma kuɗi da masu shiga da fita kullum su ne suka dawo da shi. Masu iya magana sun ce, da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai zumar da aka toshe aka manta da ita, ba wanda za ta warkar.