Magungunan kama dalma a jiki

Magungunan kama dalma sinadarai ne da ke rungume ƙarafa masu guba, irin su dalma da zaiba da arsenik, su fitar da su ta fitsari. Gubar waɗannan ƙarafa tana zuwa ne ta hanyar enzayim, wato ƙananan sunadaran da ke tafiyar da ayyukan jiki. Dalma tana manne wa sassan farar wuta da ke jikin enzayim, tana kuma kore tutiyar da wasunsu ke buƙata, sai aikinsu ya tsaya. Enzayim na ALAD, wanda ke cikin haɗa jan sinadarin jini, yana cikin waɗanda suke fara lalacewa. Shi ya sa yaron da dalma ta shiga jikinsa yakan yi ƙarancin jini, ƙwaƙwalwarsa kuma ta taɓu.

Maganin farko, dimercaprol, an samar da shi a Jami'ar Oxford lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Daga baya aka samu DMSA, wanda ake haɗiya.

A 2010, dalmar da ta fito daga dakan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa dubban yara magani da DMSA. Sai da aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar ƙauyuka irin su Bagega tukuna aka fara maganin a can, domin yaron da ya koma kan ƙurar nan jininsa zai sake cika da dalma. Maganin yakan tafi da tutiya ma, kuma ba ya gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta lalace.