Usman Nagogo: Ɗan Sarkin da Ya Yi Suna a Kan Sirdi

Aikina rubuta manhajar kwamfuta ne, saboda haka idan na ga lamba nakan tsaya in tambayi abin da take aunawa. A wasan ƙwallon dawaki, wato folo, kowane ɗan wasa yana da makin ƙwarewa, daga 2 ƙasa da sifili zuwa 10. Akasarin masu wasan a duniya ba sa wuce 2 har su ajiye sanda. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya kai 7. Wannan lamba ce ta sa na koma karanta tarihinsa, sai na tarar labarin ya wuce na wasa.

An haifi Usman a 1905, shekara biyu bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato. Yaƙin 1903 ya nuna wa kowa cewa zamanin barade ya ƙare, domin lifidi da sulke ba sa tare harsashin bindiga mai ruwa. Dokin da aka ɗauki ɗaruruwan shekaru ana kiwonsa don yaƙi ya wayi gari ba shi da aiki sai hawan sallah da kilisa. A cikin wannan sauyi ne mahaifinsa, Durbi Muhammadu Dikko, ya zama Sarkin Katsina a 1906, bayan Turawa sun tuɓe Sarki Yero. Da shi aka fara sarautar gidan Sulluɓawa da ke mulki har yau.

Dikko mutum ne mai son dawaki, mai kiwonsu, mai sukuwa. A 1921 ya tafi aikin Hajji ta hanyar Ingila, inda ya gana da Sarki George na Biyar, kuma Usman yana cikin 'yan rakiya, yana ɗan shekara 16. Folo kuwa ya riga ya shigo Najeriya tun 1904 a Legas, amma wasa ne na hafsoshin Turawa. Su ma aro suka yi: asalinsa daga ƙasar Farisa ne, kuma a Manipur ta Indiya Ingilishi suka koye shi a ƙarni na 19. Dikko ya kawo shi Katsina, ya ɗora 'ya'yansa da fadawansa a kai.

Duk wanda bai taɓa kallo ba zai ɗauka sukuwa ce da sanda. Mutum huɗu ne a kowane ɓangare, filin ya kai yadi 300 a tsawo, kowane zagaye minti 7 ne, kuma ana sauya doki saboda gajiya. Da hannun dama kaɗai ake riƙe sanda, linzami a hagu. Babbar doka ita ce ta layin ƙwallo: wanda ya bi hanyar da ƙwallo ta ɗauka shi ke da hanya, ba a gitta masa, ko wane ne kai. Ka duba yadda wannan doka take ga yaron da ya tashi a gidan da ake faɗuwa a gaishe shi. A fili doki bai san ɗan sarki ba. Idan ka yi sake, zai kayar da kai a gaban talakawan ubanka.

Usman bai zauna zaman jiran gado ba. Ya gama makarantar lardi ta Katsina a 1923. A 1929 aka naɗa shi Wakilin Doka, shugaban 'yan dokan En'e, sannan a 1937 ya zama Magajin Gari. Da Dikko ya rasu a 1944, shi ya gaje shi. Ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu ya je har fagen Bama ya duba sojojin Afirka ta Yamma. Duk waɗannan shekaru bai rabu da filin folo ba, har ya zama shugaban ƙungiyar folo ta Najeriya na tsawon rai.

A nan ne ra'ayi ya rabu. Wasu suna ganin folo wata igiya ce da Turawa suka ɗaure sarakuna da ita: a ba su wasa da lambobin girma, su kuma su tara haraji da jangali. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Wasan yana cin kuɗi. Ɗan wasa ɗaya yana bukatar dawaki da yawa, kowanne da dawarsa da harawarsa da kanwarsa da mai kula da shi, a ƙasar da manomi ke sayar da hatsinsa don ya biya haraji. Lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, tsarin En'e ne take ƙalubalanta, kuma Nagogo yana cikin manyan ginshiƙansa.

Amma akwai ɗaya gefen. A zamanin da Bature ke da unguwarsa daban, kulob ɗinsa daban, filin folo yana cikin 'yan wuraren da baƙar fata zai bangaji Bature kafaɗa da kafaɗa, ya ƙwace ƙwallo, alƙalin wasa ya ce daidai ne. Makin ƙwarewa kuma ba rawani ba ne da za a naɗa wa mutum don ubansa. Ana haɗa makin 'yan wasa huɗu ne a fitar da ƙarfin ƙungiya, kuma ƙungiyar da makinta ya fi yawa ita ke ba ɗaya ƙwallaye kyauta tun kafin a fara. Wanda aka ƙara wa makin da bai kai ba, ƙungiyarsa ya cuta. Shi ya sa na yarda da wannan 7 fiye da yadda zan yarda da kirarin maroƙa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙarshen labarin. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun sarakuna, har da rundunar da Nagogo ya taɓa shugabanta. Ɗansa Hassan Usman Katsina, wanda ya yi gwamnan Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967, yana cikin manyan wannan gwamnati. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kwashe sauran ikon. Lokacin da Nagogo ya rasu a watan Maris na 1981, bayan shekara 37 a kan karaga, sarautar da ya bari ba irin wadda ya tarar ba ce. Folo ne ya tsira yadda yake. Hassan gwani ne a wasan, haka ma Muhammadu Kabir Usman da ya gaji sarautar ya riƙe ta har 2008. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Sai dai lambar da na fara da ita tana da giɓi irin wanda muke gani a rumbun bayanai: abin da aka tanadar wa gurbi kaɗai ake adanawa. An rubuta makin mahayi, ba a rubuta na wanda ya hore dokin ba, ko na yaron barga da ke tashi da asuba ya share turke ya ɗaura sirdi. Su ma suna da kaso a cikin wannan 7. Idan a gidanku akwai tsohon da ya yi aiki a bargar sarki, wayar da kake karanta wannan rubutu da ita tana naɗar murya. Ka zauna da shi tun yana nan.