WrestleMania III: Tarihin Taron da Muhawarar Masoya Kokawa a Kansa

WrestleMania III babban taron kokawar nishaɗi ne, wato resilin, wanda kamfanin WWF na Vince McMahon ya shirya ranar 29 ga Maris, 1987, a filin wasa na Silverdome da ke garin Pontiac a jihar Michigan ta Amurka. An yi karawa 12 a ranar, amma biyu ne suka zauna a bakin jama'a: ta Hulk Hogan da André the Giant, da ta Randy Savage da Ricky Steamboat. Tun daga lokacin masoya wasan ke ja-in-ja kan wacce ce ta fi, kuma wannan gardama ta zama ma'aunin da ake gane irin abin da kowane mai kallo yake nema a resilin.

Asalin taron

A farkon shekarun 1980 kokawar nishaɗi a Amurka a rarrabe take. Kowane yanki da kamfaninsa, ba mai shiga gonar wani. McMahon ne ya rusa wannan tsari bayan ya karɓi ragamar WWF daga hannun mahaifinsa, ya kwaso taurarin wasu yankuna, ya kuma baza shirye-shiryensa a tashoshin talabijin na faɗin ƙasar. Hogan ne ginshiƙin wannan yunƙuri tun da ya ƙwace kambun kamfanin daga hannun Iron Sheik a Janairun 1984. An yi WrestleMania ta farko a Madison Square Garden na New York a 1985, ta biyu kuma aka raba ta wurare uku a 1986. Da aka zo ta uku, sai McMahon ya kama filin ƙwallon ƙafar Amurka mai ɗaukar mutum kusan 80,000. Cika irin wannan wuri kuwa sai da karawar da za ta ja hankalin har wanda bai saba kallon wasan ba.

André ne kaɗai yake da wannan kwarjini. Sunansa na yanka André René Roussimoff, an haife shi a Faransa a 1946, kuma yana ɗauke da wata cuta da ke sa jiki ya yi ta girma fiye da ƙima. Kamfanin yana tallata shi da tsayin ƙafa 7 da inci 4 da nauyin fam 520, yana kuma cewa shekara 15 ba wanda ya kayar da shi. Jama'a sun san shi a matsayin mutumin kirki kuma aminin Hogan. A farkon 1987, a cikin shirin hira na Roddy Piper, sai ga shi ya fito tare da Bobby Heenan, manajan da 'yan kallo suka fi tsana, ya nemi a ba shi damar neman kambu, ya kama rigar Hogan ya yage ta har da sarƙar da ke wuyansa. Labarin cin amanar aboki shi ne ya sayar da tikitin.

Yadda karawar biyu ta gudana

Aretha Franklin ce ta buɗe taron da waƙa, Gorilla Monsoon da Jesse Ventura kuma suka yi sharhi. Saboda nisan hanya daga ɗakin shiri zuwa tsakiyar fili, an riƙa kawo yawancin 'yan kokawar a kan wasu ƙananan motoci masu siffar dandamali. Lokacin da aka ɗauko André da Heenan, 'yan kallo sun yi ta jifansu da tarkace, shi kuwa André yana tsaye ƙyam yana dubansu.

Karawar Savage da Steamboat ta neman kambun Intercontinental ce, wanda shi ne na biyu a daraja a kamfanin. A cikin labarin da aka shirya, Savage ya taɓa buga wa Steamboat ƙararrawar dandamali a maƙogwaro a ƙarshen 1986, don haka ranar ramuwa ce. Sun shafe kusan minti 15 ba tare da tsayawa shan iska ba. Wannan ya danne wancan, alƙali ya ƙirga biyu, sai na ƙasa ya zame ya juya lamarin. Can kusa da ƙarshe aka banke alƙalin wasa ya faɗi, Savage ya haye saman igiya ya dira wa Steamboat da gwiwar hannu, amma babu mai ƙirga. Ya ɗauko ƙararrawar nan ya sake hawa, George Steele da ke goyon bayan Steamboat ya ture shi. Da Savage ya tashi ya ciccibi abokin karawarsa zai maka shi da ƙasa, sai Steamboat ya naɗe shi ya danne kafaɗunsa, aka ƙirga uku.

Babbar karawar ta ɗauki kimanin minti 12, kuma tafiyarta a hankali take. André yana fama da ciwon baya mai tsanani, da ƙyar yake motsi. Tun da fari Hogan ya gwada ɗaga shi ya kasa, ƙaton ya faɗo masa a kai, saura ƙiris a ƙirga uku. Daga nan André ya yi ta jibgarsa, ya rungume shi ya matse na tsawon lokaci. Sai a ƙarshe Hogan ya kai shi ƙasa da dukan dantse, ya ɗaga shi sama ya maka shi a dandamali, ya faɗa masa da cinya a wuya, aka ƙirga uku.

Rabuwar kan masoya

A 1987 masu kallo da yawa ba sa raba labarin wasa da zahiri, kuma kamfanoni suna tsare sirrin sana'ar sosai. Ga irin waɗannan 'yan kallo, musamman yara, ɗaga André shi ne abin da ya faru a ranar, sauran duk share fage ne.

Amma akwai wani rukuni ƙarami da ke karanta mujallun da ke tona yadda ake shirya wasan, musamman Wrestling Observer Newsletter ta Dave Meltzer, wadda ta fara fita a farkon shekarun 1980. Su waɗannan sun san an riga an tsara wanda zai yi nasara, don haka abin da suke aunawa shi ne gwaninta: saurin jiki, tsabtar kamu, da yadda 'yan wasa biyu ke gina labari da jikinsu. Meltzer ya ba karawar Savage da Steamboat taurari huɗu da rabi cikin biyar, ta Hogan da André kuwa ya ba ta maki ƙasa da sifili. Masu karanta mujallar sun zaɓi ta farko a matsayin karawar da ta fi kyau a shekarar, ta biyu kuma wadda ta fi muni. Mujallar Pro Wrestling Illustrated ma, wadda ke rubutu kamar wasan na gaske ne, ta ba Savage da Steamboat lambar karawar shekara.

Magoya bayan babbar karawar suna da hujjarsu, kuma hujja ce mai nauyi. Suna cewa ba don Steamboat dubban mutane suka sayi tikiti ba, kuma aikin ɗan resilin shi ne ya motsa zukatan jama'a, ba ya burge masu ƙirga kamu ba. Sukan ƙara da cewa André, duk da ciwon da yake ciki, ya yarda ya faɗi don ya miƙa wa na bayansa girma, abin da ake ɗauka babban karamci a wannan sana'a. Ranar 5 ga Fabrairu, 1988, da aka sake haɗa su a tashar NBC, mutum miliyan 33 ne suka kalla, adadin da wani wasan resilin bai sake kaiwa ba a talabijin ɗin Amurka.

Su ma masoyan gwaninta ba bakinsu ɗaya ba. Steamboat ya sha bayyana cewa Savage ya dage sai da suka tsara karawar daki-daki suka haddace ta kafin ranar. Wasu tsofaffin 'yan kokawa suna ganin wannan ragi ne, domin a wajensu gwani shi ne mai sauraren 'yan kallo yana sauya salo nan take. Wasu kuma suna ganin wannan shiri ne ya buɗe hanyar salon da ya mamaye wasan daga baya.

Gardamar adadi da ta tarihi

WWF ta sanar cewa mutum 93,173 ne suka shiga filin, ta kuma kira shi adadi mafi girma na taron cikin rufaffen fili. Meltzer ya daɗe yana cewa adadin gaskiya bai wuce kusan 78,000 ba. Masu kare adadin kamfanin suna nuni da kujerun da aka jera a tsakiyar fili, da kuma taron da Fafaroma John Paul II ya yi a wurin a watan Satumba na shekarar, wanda aka ce ya haura 93,000. Masu shakka kuma sukan zauna da hotunan ranar suna ƙirga layukan kujeru. Kamfanin ya riƙe adadin a matsayin mafi girma a tarihin WrestleMania har 2016, lokacin da ya sanar da 101,763 a jihar Texas, shi ma kuma an yi ta musu a kansa.

Haka ake musu kan batun cewa ba a taɓa ɗaga André ba kafin wannan rana. Masu musayar kaset ɗin bidiyo ta gidan waya, waɗanda ke samo wasannin Japan da Meksiko, sun nuna cewa Harley Race da Stan Hansen da El Canek duk sun taɓa maka shi da ƙasa. Hogan da André ma sun riga sun kara a filin Shea na New York a watan Agustan 1980, lokacin Hogan ne mugun labarin. Kamfanin ya kawar da kai daga wannan duka don karawar 1987 ta zama kamar ta farko.

Sauyin ra'ayi bayan shekaru

A 1989 WWF ta shaida wa majalisar dokokin jihar New Jersey cewa abin da take yi nishaɗi ne ba gasa ba, don ta kuɓuta daga dokokin hukumar wasanni. Daga nan sirrin ya fara zama sanin kowa. Zuwan intanet ya yaɗa tsarin ba da taurari, har ya zama yaren yau da kullum na masoya, kuma darajar karawar Savage da Steamboat ta ƙara hauhawa. Da kamfanin, wanda ya koma WWE a 2002, ya buɗe rumbun tsofaffin wasanninsa a intanet a 2014, sai matasan da ba a haife su ba a 1987 suka samu damar kallon taron gaba ɗaya su yanke hukunci da kansu.

Mutuwar André a 1993, da ta Savage a 2011, da ta Hogan a Yulin 2025, kowacce ta sake tayar da zancen. Fim ɗin tarihin rayuwar André da tashar HBO ta fitar a 2018 ya nuna irin azabar da yake sha a lokacin, kuma ya sa da yawa daga masu sukar karawar suka sassauta. A yau ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne cewa kowace karawa ta cika aikin da aka ɗora mata. Hogan da André sun tara jama'a sun kuma tabbatar da cewa WrestleMania za ta ɗore a matsayin taron shekara-shekara, Savage da Steamboat kuma sun nuna wa 'yan kokawa masu tasowa cewa wanda bai da girman jiki zai iya ƙwace ranar da ƙwarewa. Shi ya sa har yanzu, duk lokacin da aka kammala wata WrestleMania, masoya kan yi tambayoyi biyu daban: wace karawa ce ta fi girma, wacce kuma ta fi kyau.