Alkawarin Rai da Rai: Wa'adin Sistoci da Wuridin Ɗariƙa a Kano

A shekarar 1948 ne sistocin Katolika na ƙungiyar St Louis suka iso Kano daga ƙasar Ailan. Ba su zauna a cikin birni ba, domin tun bayan cin Kano a 1903 Turawan mulki suka tsayar da ayyukan mishan a wajen ganuwa. Abin da ya bambanta matan nan da sauran baƙi shi ne wa'adi uku da kowace ta ɗauka a gaban Ubangijinta: ba za ta mallaki dukiya ba, ba za ta yi aure ba, kuma za ta yi biyayya ga shugabanninta. Wannan tsari ya kafu a Turai wajen ƙarni na 13. A dokar cocin ta 1983, mai shiga sai ya yi aƙalla wata 12 na horo, sannan ya ɗauki wa'adi na wucin gadi na shekara uku zuwa shida, kafin na har abada, wanda a manyan ƙungiyoyi fadar Fafaroma ce kaɗai ke iya warware shi.

Kalmar bakance ba ta ɗauke wannan ma'ana ba, saboda mai bakance yana cika abin da ya ɗaura wa kansa ya huta. Abin da ya fi kusa da shi a cikin birni shi ne karɓar wuridin Tijjaniyya. Muƙaddami ba ya ba da izini sai ya karanta wa muridi sharuɗɗa: ba zai haɗa wannan wuridi da na wata ɗariƙa ba, ba zai ziyarci waliyyan da ba na ɗariƙar ba don neman tabarruki, kuma zai riƙe lazimi safe da yamma har mutuwa. Malaman ɗariƙa suna tsoratar da wanda ya karɓa ya yar da mummunar cikawa.

Sharaɗin farko ya yi nauyi ƙwarai a Kano, inda gidan sarauta ya gaji Ƙadiriyya daga jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Da Sarki Abbas (1903-1919) ya karɓi Tijjaniyya, ma'anarsa ita ce ya ajiye wuridin da ya haɗa kakanninsa da Sakkwato, kuma da wuya a ce mutanen zamaninsa ba su karanta siyasa a cikin lamarin ba. Sarki Abdullahi Bayero ya ƙara ɗaure wannan igiya bayan haɗuwarsa da Shehu Ibrahim Inyas a aikin hajjin 1937, malaman Salgawa irin su Shehu Atiku Sanka da Malam Tijjani Usman Zangon Barebari suka bi. Ƙadirawa kuwa, ƙarƙashin Malam Nasiru Kabara, ba su tsananta a kan wannan sharaɗi haka ba.

Inda hanyoyin biyu suka rabu shi ne aure da dukiya. Wa'adin sista yana fitar da ita daga gidan ubanta, ya yanke mata haihuwa da mallaka. Muridi kuwa yana tashi daga wazifa ya koma rumfarsa a kasuwar Kurmi, yana da mata da 'ya'ya, domin malaman birni ba su ɗauki barin aure a matsayin ibada ba.