Tarihin lakwal ɗin da yara ke sukar mushe

A taron iyayen yara an tambaye ni dalilin takardar da na manna a bangon aji. Ga asalinta.

Wani malami ne a Faransa, Célestin Freinet. An harbe shi a huhu a yaƙin duniya na farko, shekara ta 1917. Da ya fara koyarwa a ƙauyen Bar-sur-Loup a 1920, numfashinsa bai isa ya yi ta tsawa daga safe har azahar ba, kamar yadda aka hore mu a makarantar malamai. Dole ta sa ya bar yara su yi magana. A 1924 ya sayo ƙaramin injin ɗab'i, yara suna rubuta labarin gidansu da gonarsu, su zaɓi ɗaya da ɗaga hannu, su buga shi da kansu.

Wannan injin ya jawo masa fitina. A Saint-Paul wani yaro ya rubuta mafarkin da ya yi, wai 'yan aji sun auka wa magajin gari. Manya suka tayar da ƙura, aka cire Freinet a 1933. Shi da matarsa Élise suka buɗe tasu lakwal a kan tudu kusa da Vence a 1935. Yawancin yaran 'ya'yan talakawa ne, daga baya aka ƙaro waɗanda suka gudo daga yaƙin Ispaniya.

Kowane mako ana manna takarda a bango, kowa ya rubuta abin da ya soka, abin da ya yaba, da abin da yake so, ya sa sunansa. Ranar Asabar a zauna, yaro ne shugaban taro, a karanta duka, har sukar da aka yi wa mushe. Mu da aka rataya wa sambol a wuya don mun yi Hausa a aji, wannan ya fi ƙarfin tunaninmu.

An kama shi a 1940, lakwal ta rufe sai bayan yaƙi. Ya rasu a 1966, gwamnati ta karɓi lakwal ɗin a 1991.

Suka na farko da ya hau takardata a kaina ya faɗa: wai ina riƙe su bayan ƙararrawa ranar kasuwar Gazawa, alhali uwaye na jiran su da talla. Na ji zafi, amma gaskiya ce. Yanzu ɗan aji ne ke riƙe agogo.