Sassautowar jam'iyyu masu tsattsauran ra'ayi

Sassautowar jam'iyyu masu tsattsauran ra'ayi nazari ne a kimiyyar siyasa da ke cewa jam'iyyun addini da na gurguzu kan rage zafi idan aka ba su damar shiga zaɓe. Babban dalili neman ƙuri'a ne: 'yan ga-ni-kashe-nin jam'iyya ba sa isa a ci zaɓe, tilas a jawo sauran jama'a. Ga kuma tsoron haramci da larurar ƙawance.

Misali, jam'iyyar SPD ta Jamus ta jingine aƙidar Karl Marx a taron Godesberg na 1959. Ennahda ta Tunisiya ta raba da'awa da siyasa a 2016. Sai dai binciken Jillian Schwedler na 2006 ya nuna Islah ta Yaman ba ta sassauto kamar takwararta ta Jodan ba.