Fankar banɗaki mai agogo

Fankar banɗaki mai agogo wata ƙaramar na'urar lantarki ce da ake kafawa a bango ko a silin ɗin banɗaki domin ta zuƙe wari da tururi ta fitar da su waje. Abin da ya bambanta ta da sauran irinta shi ne ba ta tsayawa da zarar an kashe fitila. Takan ci gaba da juyawa na ɗan lokaci, galibi daga minti 1 zuwa 30, gwargwadon yadda aka saita ta.

Amfani

Banɗakin da ba shi da taga yakan tara danshi, musamman da damina. Danshin kan jawo fumfuna, ya ɓare fenti, ya ruɓar da katakon silin. Wadda aka fi amfani da ita a gidaje tana da baki mai faɗin milimita 100, wato inci 4, kuma wutar da take ci kaɗan ce. A ƙa'idar gine-gine ta Ingila, ana so fankar ɗakin wanka ta fitar da iska lita 15 a daƙiƙa ɗaya, ta makewayi kuwa lita 6.

Yadda ake haɗa wayoyinta

Fanka marar agogo wayoyi biyu take buƙata, mai agogo kuwa uku. Ta farko ita ce wadda wuta ba ta yankewa a cikinta, alamarta L. Ta biyu tana fitowa daga makunnin fitila, alamarta T ko LS. Ta uku ita ce nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta, alamarta N. Waya ta biyu ce ke tayar da fankar, ta farko kuma ke ciyar da ita bayan an kashe fitila.

Najeriya na amfani da volt 230 da tsarin wayarin irin na Birtaniya. A tsohon tsari, launukan kebur mai wayoyi uku su ne ja, rawaya da shuɗi. A sabon tsari kuwa ruwan ƙasa, baƙi da toka-toka. Don haka launi kaɗai ba ya nuna aikin waya, sai an gwada ta da na'urar awo.

Sauya tsohuwa da sabuwa

Ana fara kashe wuta daga babban makunnin gida, a kuma tabbatar janareta ko inbata ba su ba da wuta ta wani layi ba. Kashe makunnin fitila kaɗai bai isa ba, saboda wayar L tana nan da wuta, kuma tana iya kisa. Kafin a kwance tsohuwar fankar, ana yi wa kowace waya alama. Idan aka musanya L da T, fankar takan mutu tare da fitila ko ta ƙi aiki yadda ya kamata. Idan wayoyi biyu kawai aka tarar, dole a ja ta uku. Yawancin masu ƙera ta suna so a sa mata fiyus mai amfiya 3 da makunni na musamman da ke yanke wayoyin uku gaba ɗaya. A Najeriya hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu aikin wayarin shaidar ƙwarewa.

A jihar Zamfara

Kamfanin Kaduna Electric ne ke rarraba wuta a Zamfara, har da Talata Mafara, Bakura da Maradun. Idan aka ɗauke wuta, agogon fankar ba ya aiki. Ƙurar hunturu kuma takan taru a fukafukanta, sai a riƙa goge su bayan an kashe wuta.

A garuruwan karkara irin su Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, masai na tsakar gida ya fi banɗakin cikin ɗaki yawa. Abin da ke yin aikin fanka a nan shi ne bututun iska, dabarar da aka ƙirƙiro a cibiyar bincike ta Blair da ke Zimbabwe a shekarun 1970. Ana kafa bututu daga ramin zuwa saman rufi, a rufe bakinsa da raga. Iskar da ke wucewa ta sama takan janye wari, ragar kuma ta tare ƙudaje, ba tare da an ja waya ko ɗaya ba.